Baba Labaran Mai Sauraron Ƙarfe

Ni direba ne, kuma ba zan ɓoye ba, mu direbobin kasuwa ba mu da tausayin mota. Bature ya zauna ya ƙera 'yar motarsa don mutum biyar da jakar tufafi, ta gama tsufa a can, ta biyo ta Kwatano ta faɗo hannun Mas'udu, wato ni. Sai in cire kujerun baya in jibga mata buhun masara goma sha biyu, in ɗaure biyu a bisa, sannan in ɗora mai masarar a kan kayansa. In ta yi nishi in ce raki gare ta. To duk wannan zaluncin wuri ɗaya yake taruwa, a kan ƙarfen nan da ya gitta ƙarƙashin mota ya riƙe tayoyin baya biyu. Ƙafar baya muke ce masa. Ranar da ya gaji ba ya sallama. Kana cikin tafiya sai ka ga tayarka ta wuce ka tana gudu ita kaɗai, in da sauran kwana ka fito ka bi ta.

Shi ya sa duk mai jigilar hatsi tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ya san rumfar Baba Labaran a Yankara, bayan tasha, gindin wata tsohuwar bedi. Masu walda sun yi yawa, kowa da janaretansa da baƙin tabarau. Amma in maganar ƙara wa ƙafar baya ƙarfi ce, wurin tsohon nan ake zuwa.

A wani ƙauye kusa da Tafoki aka haife shi, gidan maƙera. Mahaifinsa garma da lauje yake ƙerawa, mutumin da ne, bai shiga masallaci ba bai shiga coci ba har ya koma. Labaran ya zama Kirista yana saurayi, ya tafi Funtuwa ya koyi walda, ya dawo da wuta irin ta zamani. Amma abin da ya bambanta shi da sauran ba a Funtuwa ya samo shi ba, gadon gida ne. Uban nasa in ya gama garma sai ya rataye ta da igiya ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai yana saurare. Ƙarfe mai lafiya ƙararsa doguwa ce, tana jan wutsiya. Mai tsaga a ciki kuwa sai ya yi ƙwaf ya yi shiru.

Haka Baba yake yi wa motocinmu. Kai za ka ɗaga motarka da jak, ka cire tayoyi, ka kankare taɓo, don shi ba ya ajiye kowa a rumfa. Sai ya kwanta a kan buhu da 'yar gudumarsa, ya bi ƙarfen daga wannan kai zuwa wancan yana bugawa kaɗan-kaɗan. Wasu masu waldar ba sa wannan wahala, sai su ɗora sabon ƙarfe a kan tsoho su narka, mota ta fito kamar amarya. Baba ya ce wannan rufe gyambo ne da riga. In akwai tsaga a ƙasa za ta ci gaba da tafiyarta ba mai gani, ga shi kai kuma ka sami ƙwarin gwiwar ƙara buhu biyu.

Taku goma daga rumfar matarsa ke zama, Inna Lidiya, da tukunyar kunun tsamiya da kaskon ƙosai. Sama da shekara talatin tana wurin nan. 'Yar siririya ce, ba ta da yawan magana, amma in ka ci ƙosanta ba ka wanke hannu ba za ka ji muryarta. Mu duka 'ya'yanta ne. Azumi in ya zo, ita da ba ta yi, ita ke fara tuna mana rana ta kusa faɗuwa mu nemi wurin tsayawa.

A shekarun baya-bayan nan muka lura da wani sabon hali. Baba in ya buga ƙarfe sai ya ɗago kai ya dubi wajen Inna, ya sake bugawa ya sake dubanta. Direba kuwa ba ya ganin abin tsiya ya wuce. Shamsu, abokin lodina, ya ce, "Baba, halan sabon aure kuka ɗaura ba ku gayyace mu ba?" Muka yi ta dariya. Baba ya yi murmushi kawai, mu kuma muka ɗauka kunya ce. Ashe bai ma ji abin da aka faɗa ba.

Gaskiyar da ba mu sani ba ita ce kunnen Baba yana mutuwa. Shekara hamsin na guduma da rurin janareta sun cinye shi a hankali. Magana in an ɗaga murya kusa da shi yana kamawa, sauran kuma a leɓe yake karantawa. Amma wannan siririyar wutsiya ta ƙarar ƙarfe, wadda saboda ita muke tsallake masu walda goma mu zo gare shi, ta tafi. Kuma ya san ranar da labarin ya shiga tasha, sunan da ya gina tun muna goye zai iya rushewa kafin la'asar.

Kakar bara abin ya fito fili. 'Yarsu Esther da ke aure a Sabuwa ta haihu da ƙyar, sai da aka yi mata aiki, Inna ta ɗaure kaya ta tafi jego na kwana arba'in. Washegari Baba ya buɗe rumfa kamar kullum. Aka kawo ƙofa ya gyara, aka kawo baro ya liƙe. Aka kawo mota, ya ce ba ya taɓa ƙafar baya yanzu. Aka tambayi dalili ya ce babu. A tsakiyar kaka fa, lokacin da masara ke tsaye a gonaki tana jiran mu.

Ni kuwa a makon na faɗa wani rami da cikakken kaya a hanyar Ƙanƙara, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Tun daga nan hankalina bai kwanta da motar ba. Dama ban taɓa ƙara mata ƙarfi ba, kullum ina cewa sai wani mako. Na kai ta rumfar Baba na ɗaga, na cire tayoyi, na kankare taɓo tas ba tare da na tambaye shi ba, ina ganin in ya ga na yi wahala zai ji nauyina. Yana zaune yana kallona har na gama, sannan ya ce, "Mas'udu, maida tayunka. Kai ta Funtuwa."

Ina da zuciya, kowa ya sani, mahaifiyata ma ta gaji da yi mini addu'a a kai. Nan take ta ɗebe ni. Na tsaya a kansa na ɗaga murya yadda ko kurma zai ji, kuma ashe kurman nake yi wa. Na ce shekara goma sha biyar ina zuwa wurin nan, yau da nake da buƙata zai kore ni kamar baƙo. Na ce in ya ƙoshi da sana'a ya faɗa mu san inda dare ya yi mana. Na rufe da maganar da har gobe in na tuna sai in ji kamar in nutse: "Ko don Inna ba ta nan ne hannunka ya mutu?"

Bai yi fushi ba. Ya dube ni ya daɗe, ya waiga ya ga ba kowa kusa, sannan ya miƙo mini 'yar gudumar. Ya ce in buga ƙarfen. Na durƙusa na buga, ya yi ƙara.

"Ka ji?" in ji shi.

Na ce na ji mana.

"Ni abin da na ji kamar ana daka a gida na ukku. Na san an buga, shi ke nan. Ba hannuna ya mutu ba, ɗana, kunnena ne. Shekara biyu ke nan."

Na zauna a ƙasa daɓas, cikin taɓon da na kankare. Na ce to duk motocin da ya duba a shekara biyun nan fa? Har da ta Shamsu da ya gano wa tsaga wata uku da suka wuce?

Sai ya ba ni labari. Wata rana ya gama buga wata mota ya ce lafiyarta lau, har ya tada janareta. Inna ta taso da kofin kunu kamar ta kawo masa, ta sunkuya ta ce masa a kunne ya sake buga gefen hagu. Ya kankare wurin, sai ga tsaga kamar silin gashi. Matar da ba ta taɓa riƙe guduma ba. Shekara talatin tana juya ƙosai ƙarar tana shiga kunnenta, har ta san ta kamar yadda ta san kukan 'ya'yanta. Daga ranar suka shirya tsakaninsu. Faifan da take rufe kunu da shi, in yana kwance, ƙarfe lafiya, ya ci gaba. In ta ɗaga shi ta jingina da tukunya, ya tsaya nan ya bincika. Wannan ne kallon da muke yi wa dariya.

Na ce, don dai in sami abin faɗa, ai da ya liƙa mini ƙarfen kawai, wa zai sani?

"Ni zan sani," ya ce. "Kuma kai kana da ɗiya huɗu."

Kunya ta rufe ni, tausayinsa kuma ya kama ni. Na shiga maida tayoyina. Ina ɗaure na ƙarshe dabara ta zo mini. Na matsa kusa da kunnensa na ce gobe da hantsi ya shirya gudumarsa, in kunne ba ya zuwa wurin mota, mota za ta je wurin kunne.

Mun tashi rana ta ɗaga sosai, don hanyar Sabuwa yanzu ba a yi mata sammako ba a kuma yi mata yamma. Motar wayam, ba ko tsinke, ina lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Baba ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya riƙe gudumar a cinya da wani ƙullin daddawa da ya ce Inna ta manta. Ni na san ba mantawa ta yi ba, shi ne ba ya son zuwa hannu rabbana.

A hanya ya yi surutun da ban taɓa jin ya yi ba, da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. Ya ce a kasuwar Faskari ya fara ganinta tana tallan gyaɗa, ya sayi gyaɗa mako bakwai a jere, shi da gyaɗa ke sa wa ciwon ciki. Ya ce 'ya'ya shida suka haifa, biyu suka rage. Ya ce ƙarar ƙarfe ba ita ta fi yi masa ciwo ba. Inna tana 'yan waƙe-waƙenta in tana wanke wake da safe, ƙasa-ƙasa, ba don kowa ba. Yanzu sai dai ya ga bakinta na motsi. Da ya faɗi haka sai ya juya yana kallon gonaki, ni ma na kama kallon hanya da kyau.

Muka isa ƙofar gidan surukinsa Ɗanlahadi wajen azahar. Inna ta fito da gudu hannunta jiƙe, ta ɗauka mutuwa aka yi. Da ta ga mijinta tsaye da guduma da rigar coci, ta dube ni ta dube shi, ta gane komai. Ta ce, "Mas'udu, ka sani ke nan."

Na ce, "Na sani, Inna. Ki yahe mani, na yi mashi rashin kunya kahin in sani."

Ta ce wannan tsakanina da shi ne, in ɗaga motar.

Kafin in gama cire tayoyi mutane sun taru, don ba kullum ake kwance mota a ƙofar gidan jego ba. Baba ya shimfiɗa buhu ya kwanta da rigarsa mai kyau. Inna ta tsaya nesa kaɗan tana waige-waige, na gane abin da take nema, wani abu da za ta ɗaga a madadin faifai. Har ta kai hannu ga murfin wata roba. Baba ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, da wannan babbar muryar tasa da duk layin ya ji, "Bar shi, Lidiya. Hwaɗi da bakinki. Na gaji da ɓoyo."

Ta ɗan tsaya, sannan ta matso ta tsuguna, ta rufe ido. Ya fara daga dama. Tana girgiza kai yana gaba, tana girgiza kai yana gaba. Ni da ke da kunne biyu lafiyayyu, wallahi duk ƙarar ɗaya nake ji. Ya wuce tsakiya, ya kusa inda sifirin ke zama a gefen hagu, sai ta ɗaga hannu ta dafa ƙafarsa. Ta ce ya koma baya kaɗan. Ya koma ya buga. Ta ce, "Nan."

Ya sa magagari ya goge wurin har ya yi fari. Ya kira ni na leƙa. Tsaga ce, ta fara daga sama inda ido ba ya kaiwa, ta zagayo ta ci kusan rabin ƙarfen. Lodi ɗaya ya rage mata, ko biyu in an yi sa'a. Na ambaci sunan Allah na ƙara. Inna kuwa ta miƙe ta karkaɗe zane ta ce mu shigo mu ga jaririya mu ci abinci, kada yamma ta yi mana.

Washegari a Yankara ya yi aikin, na zauna na kalla daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa haƙurin yi ba. Ya huda ɗan rami a kowane bakin tsagar don ta daina tafiya. Ya fafe ta ya cika da walda. Ya ɗauko bututun ƙarfe mai kauri da ya tsaga gida biyu, ya rungume ƙafar da shi daga wannan gefe zuwa wancan. Bai ja wuta a miƙe ba, sai ɗan nan, ya tsallaka can, ya dawo, don kada zafi ya taru wuri ɗaya ƙarfen ya lanƙwashe mota ta riƙa cin taya. Da ya gama na ɗauko ruwa zan watsa don in yi sauri, ya buge mini hannu. Ya kwaso toka daga murhun Inna ya lulluɓe wurin, ya ce ƙarfe in ya sha wuta a hankali ake barinsa ya huce, in ka gaggauta shi sai ya yi tauri ya karye.

Muna jiran ya huce ya ce in je tasha in faɗa wa direbobi gaskiya. Na ce ya bari mana, ni ba zan faɗa wa kowa ba, in Inna ta dawo a ci gaba kamar da. Ya ce a'a, mutanen Sabuwa sun riga sun ji, kuma ko ba su ji ba, mutum ya kamata ya san wa ya ba amanar ransa.

Na faɗa. Ba zan yi ƙarya ba, ba daɗi. Wasu suka yi dariya har da riƙe ciki, wai ashe mai ƙosai ke duba mana mota. Wani ya ce shi ba zai kai motarsa inda mace za ta yanke hukunci ba. Na kusa cin kwalarsa, Shamsu ya riƙe ni. Alhaji Sanusi, dattijon tashar wanda in ya yi gaba kowa ke bi, bai ce komai ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Shirun nasa ya fi dariyar tsorata ni. Makonnin da suka biyo baya motoci suka riƙa wucewa Funtuwa, Baba yana liƙa baro da ƙyauren shago.

Inna ta dawo ana gobe kasuwar Yankara. Da safe na ajiye motata kusa da rumfar, na ƙi yin lodi. Ta hura wuta ta ɗora kasko kamar ba abin da ya faru. Baba ya share rumfa, ya jera kayan aiki, ya sake sharewa. Masu sayen ƙosai suka zo suka tafi. Motoci na ta wucewa ta gabanmu da kaya, ba wadda ta rage gudu. Duk wadda ta tunkaro sai in ga ya ɗago kai, in ta wuce ya maida ido kan gudumarsa. Rana ta take tsaka ba mota ko ɗaya. Na zauna ina tsine wa direbobi a zuci, ni ma ina ciki.

Bayan azahar sai ga motar Alhaji Sanusi ta karyo kwana a hankali ta tsaya gindin bedin. Ya fito ya gyara babbar riga, ya ɗaga wa Baba hannu, amma bai tsaya wurinsa ba. Ya wuce kai tsaye gaban kaskon ƙosai, mutum mai furfura da jikoki, ya rage tsawo ya gaida Inna da dawowa, ya tambayi mai jego da jaririya. Sannan ya ce, "Inna, na kawo mota. In kin samu sarari a saurara mani ita."

Baba yana kallon bayan Alhaji ne, bai ga bakinsa ba. Ya kamo hannun rigata. "Mi ya ce?"

Na sa baki a kunnensa na faɗa masa, kalma bayan kalma.

Ya saki rigata. Ya tsaya yana kallon matarsa, ita kuma ta sunkuyar da kai tana juya ƙosan da ya riga ya soyu. Sai ya shiga rumfa ya fito da kujerarsa ta katako, ya goge ta da hularsa, ya ajiye dab da tayar baya ta motar Alhaji.

"Taho ki zauna nan, Lidiya," ya ce. "Shekara talatin kina ji daga nesa."

Ta sauke kaskon daga wuta, ta goge hannu, ta taho.